Jinin Halilu Ya Hau

Basira na cikin tankaɗe sai guɗar maƙwabciyarta Ajuma ta tsallako katanga. Ta ajiye rariya ta leƙa.

"Jinin Halilu ya hau!" in ji Ajuma, waya a hannu. "Daga likita Yamai anka kira. Layi na yankewa, amma na jiya da kunnena: analiz, awon jinin nan, ya hau ƙwarai, a kawo shi su gani."

Shekara ashirin Basira na jin akasin haka ta katangar nan. Da ciwon sikila aka haifi Halilu ɗan Ajuma, kullum maganar ɗaya ce: jini ya yi ƙasa, a nemo ledar jini a ƙara masa. Sai bara baffanninsa ƴan kasuwa suka kai shi ƙasar waje, aka ɗebi ɓargon ƙanwarsa Raihana aka dasa masa. To, wa zai ji "ya hau" a gidan nan bai yi murna ba? Basira da hannunta ta fige zakaran sadaka. Ruwa kuma ya sauka a garinsu Kore Mairuwa, aka ce tafiya Yamai ta jira a gama shuka.

Ashe ba yawan jini aka auna ba. Wata alama ce da ke tashi a jini kafin sabon ɓargo ya juya ya far wa mai jikin.

Ƙurajen da suka feso masa a tafin hannu aka ce zafi ne. Sai zawo, sai ido ya yi rawaya. Ran da aka sa shi a mota zuwa Yamai ko zama ba ya iyawa. Raihana ta raka shi, ita ce kuma ta rako gawar.

Basira ta yi kuka har muryarta ta dishe. Tana tuƙa tuwon masu zaman makoki Raihana ta shigo madafa.

"Inna Basira, lokotoron da yad duba shi ya ce ɓargon da anka sa mai shi yac cinye shi. Nau na."

"Kul, ɗiyata. Kwana nai ya ƙare."

"Ni nac ce a ɗibi nau. Har kuka na yi don a yarda."

Basira ta saki muciya. Yarinyar ta zauna a bakin murhu, ta kai hannu bayan ƙugunta, daidai inda allurar ɗibar ɓargo ta shiga, tana murza wurin a hankali. Tuwo ya fara kamawa, ba wadda ta motsa.