Ragon da Ya Rage

Ƙarar wasa wuƙa ce ta sa Mai Ɗinki ta saki keken ɗinkinta, ta faɗa gidan maƙwabta ko takalmi babu. A tsakar gida mahauci ya durƙusa gaban dutse, Direba, babban ɗan Baba mai gidan, yana riƙe da igiyar ragon mahaifinsa.

"Me zan gani haka?"

"Romo za a yi wa Baba, Gwaggo. Likita ya ce jikinsa na son nama."

"Duk naman duniya sai wannan?"

Gaskiya ragon ba abin kallo ba ne: gajere, kunnuwa kamar an gutsure, ga dabbare-dabbare har wutsiya. Amma shi kaɗai ya rage namiji a irin tumakin da suka saba da dausayin bayan layin. Shekarun baya kowa ya ruɗu da manyan nan masu dogon kunne da ake kawowa daga nesa, har da ita. Damina ɗaya ta gama da su, kofato ya ruɓe, ciki ya cika da tsutsa. Na Baba kuwa suna kiwo cikin caɓi, ko tari babu.

Tun daga nan ita da Baba suka raba aiki. Rago a wurinsa, matan a wurinta, 'yan wani tsatson dabam, don kada jini ya yi ta komawa gida ɗaya 'ya'ya su fito a raunane. Akwai kafa a gindin katangar da ke tsakaninsu, an toshe da tsohon kwano, Baba kaɗai ke janye shi idan lokacin barbara ya yi. Jiya kuwa tumakinta suka fara kuka suna kaɗa wutsiya, alamar lokacin ya yi.

"In ka yanka shi, irin ya ƙare."

"Ubana na kwance, ke ta tumaki kike?"

Maganar ta soke ta, don ba ƙarya ya yi ba. Duk da haka ta shige ɗakin. Baba na kan katifa, ya koma ƙashi da fata, 'yarsa na yi masa fifita. Ya kwana biyu ba ya iya magana.

"Baba, ni ce. Za su yanka shi."

Idonsa ya juyo. Leɓe ya motsa, babu sauti. Daga waje ta ji an kayar da ragon, ya yi kuka a shaƙe.

"Baba, don Allah!"

"Haba Gwaggo, ki bar shi ya huta mana," in ji 'yar.

Hannunsa ya zamo daga katifa, ya lalubo kofin da ke ƙasa, ya tura shi gefe a hankali. Daga nan hannun bai sake motsi ba.

Salatin 'yar ya shigo da Direba a guje. Mai Ɗinki ta fito, kunya ta lulluɓe ta, don nacinta shi ne abu na ƙarshe da bawan Allah ya ji a duniya. Mahauci ya ajiye wuƙa, ya kwance ƙafafun ragon. Ta cikin labule ta ji 'yar na cewa cikin kuka, "Kwanon kafar katanga yake nufi, Yaya. Na ga hannunsa."

Can Direba ya fito, idanu jawur. Bai dube ta ba. Ya durƙusa a gindin katanga, ya kama kwanon, ya janye shi gefe.

"Haka Baba yake yi?"

"Haka," in ji Mai Ɗinki.

Ragon ya girgije ƙura, ya sunkuya ya shige. Igiyarsa ta bi shi ta kafar a hankali, har bakinta ya ɓace.