Wanda Ya Kwance Injinan Masaƙa

Shekara ashirin da shida Bakanike ya yi yana kula da injinan masaƙar gari. Sunan aikin ya bi shi har ya danne nasa na gaskiya. Ko matarsa, in tana jin tsokana, da shi take kiransa. Daga bakin ƙofa yakan kasa kunne ya ce, "Na bakwai yana tari, ku kashe shi." A duba kuwa, a tarar bel ɗin injin ya kusa tsinkewa.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa. Da albashin masaƙar ya ɗauki nauyin karatunta har ta zama masaniyar tattalin arziki, ta samu aiki a ma'aikatar tsare-tsare da ke babban birni. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarinta.

Sai gwamnati ta zo da gyare-gyare. Aka janye tallafin wutar da ake ba masana'antu, aka sassauta harajin kayan waje. Kafin shekara ta zagayo yadin ƙetare ya cika kasuwa, ga araha ga sheƙi. Masaƙa ta koma aikin kwana uku a mako, daga nan biyu. Wata Litinin manaja ya tara ma'aikata a filin ajiye motoci, ya karanta takardar rufewa bai ɗaga ido ba. Da aka watse ya ja Bakanike gefe, ya ce an sayar da injinan ga masu sayen tsohon ƙarfe, kuma babu wanda ya san yadda za a kwance su sai shi.

Yana cikin kwance na farko Dogo, amininsa na sashen rini, ya zo ya tsaya a kansa.

"An ce da hannun 'yarka aka rubuta tsarin nan," in ji Dogo. "Ita ta yanka, kai kana fiɗa. Gidanku ya iya aiki."

Bakanike ya ci gaba da kwancewa, amma sau biyu sifana tana kuɓuce masa.

Ranar Asabar 'yar ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, uwar ta kawo ruwa ta koma ɗaki ta bar su a tsakar gida.

"Da ke aka rubuta?" ya tambaye ta.

"Da ni, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Tallafin nan yana cinye abin da za a ba asibitoci da makarantu. In aka daure, nan da shekara biyar arzikin ƙasa zai bunƙasa, sababbin masana'antu za su taso."

"Shekara biyar," ya ce. "Ni ina da hamsin da takwas. Dogo ya girme ni."

"Wallahi ban manta da ku ba. Shafi huɗu na rubuta a kan ma'aikata, a koya musu wata sana'a, a riƙe su kafin su tsaya da ƙafarsu. A zaman ƙarshe aka cire, wai babu hali."

"Sauran da aka bari, gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba." Sai hawaye.

Ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai kama. Shi ya tura ta ta koyi wannan ilimi, kuma bai taɓa koya mata ƙarya ba. Ya ce, "Share idonki, kada uwarki ta gani."

Kwana goma sha tara ya yi yana kwancewa. Kowane ƙarfe sai ya goge shi kafin ya ajiye, masu saye suna dariya, tunda narkarwa za a yi. Da ginin ya koma rumbun ajiye yadin ƙetare, ya je neman gadi, aka ce matasa ake so. Dogo ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye ba sallama. Da damina labarin rasuwarsa ya iso, bayan an riga an binne shi.

Yanzu Bakanike yana gyaran kekunan ɗinki a gindin wata bishiya kusa da tasha. 'Yar ta roƙe su su koma wurinta, ya ce uwarta ba ta son hawa bene. Duk mako tana bugo waya. Sukan yi maganar ciwon ƙafar uwar, da ruwan sama, da lafiyar jikokinsa. In ta ce, "Baba, ya aiki?" sai ya ce, "Da godiya," ya miƙa wa uwar wayar.