Mai Walda a Bikin Littattafai

Malama tana cikin jera littattafanta a kan tebur, ƙanwarta ta damƙe mata hannu.

"Yaya, kada ki waiga da sauri. Ga shi can a gindin bishiya."

Ta waiga a hankali. Kansa ya yi fari fat, rigar jikinsa ta yi masa yawa, amma tsayuwar ba ta canza ba: kafaɗa ɗaya a sama, kai a ɗan karkace. Mai Walda ne.

Ranar ce farkon bikin da masu ƙananan maɗaba'u na garin suka haɗa a harabar ɗakin karatu. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta yana ta gurnani a bayan katanga. Kusan rabin littattafan da ke kan teburan daga tsohon injin mijinta suka fito, har da nata, wanda shi ne na farko da ta taɓa rubutawa. Labarin wani mai walda ne da ya yi faɗa da ƙanensa a bakin shago, ya ɗauki rodi ya buga masa a ka, ƙanen bai sake tashi ba. Ba ta sa sunan kowa ba, amma duk wanda ya girma a garin ya san mutumin. Ita kuwa a kan idonta aka yi, tana yarinya, tana leƙe ta ƙofar shagon ɗinkin mahaifinta. Ɗaurin rai da rai aka yanke masa, shi ya sa ta rubuta da sakin jiki. Sai da aka gama ɗinke littafin aka sa masa bango, sannan labari ya zo cewa an sako shi saboda tsufa da rashin lafiya.

"Ina yayanki?" ta tambayi ƙanwar, tana nufin mijinta.

"Ya koma maɗaba'a ɗauko ragowar kwalaye. Na kira, wayar tana ta ƙara, bai ɗauka ba. Kin san shi in yana kusa da injin nan, ko gobara ake yi ba ya ji."

A kan dandamali wani mai waƙe yana ta zubawa. Shugaban taro ya miƙa hannu zai karɓi makirufo, mai waƙen ya ja baya da ita ya ce saura baiti ɗaya tak. Jama'a suka kwashe da dariya. Malama ba ta ji abin dariyar ba. Idonta yana kan Mai Walda, wanda ya baro gindin bishiyar yana jan ƙafa, ya ratsa kujeru, ya zauna a layin gaba. Matar da ke kusa da shi ta ɗauki jakarta ta koma baya. Wani dattijo ya yi kamar an kira shi a waya, shi ma ya tashi. Nan da nan kujerun hagu da dama suka zama wayam.

Aka kira Malama.

Babin faɗan ta shirya karantawa, har ta sa masa alama da guntun zare. Da ta hau ta buɗe littafin, sai ta tsallake zaren ta koma can farko, inda ake bayanin ruwan sama a kasuwa. Duk sanda ta ɗaga kai sai ta gan shi, ya karkato kunne ɗaya wajen lasifika, hannunsa na dama yana cikin aljihu. Ta yi tuntuɓe a kan kalmomin da ita ta rubuta da hannunta. Da ta gama aka tafa. Shi bai tafa ba, bai kuma fitar da hannun ba.

Da rana ta take, shugaban taro ya ce a je a ci abinci a dawo. Jama'a suka kwarara bayan ginin, inda masu abinci suka kafa tukwanensu. Malama ta tura ƙanwarta ta hau babur ta je ta taho da mijin ko da jan riga ne. Sai da yarinyar ta fita ƙofa sannan ta gane ta bar kanta ita kaɗai. Mai teburin da ke kusa da nata ya lulluɓe littattafansa da zane ya tafi. Aka kashe janareta, harabar ta yi tsit, har tana jin takalminsa yana gogar siminti.

Ya tsaya a gaban teburin.

"'Yar gidan tela."

"Baba, ina wuni." Ba ta san sanda ta rusuna ba.

"Kin girma. Da ƙyar na shaida muryarki." Ya shafa bangon littafin da hannun hagu, yatsun duk tabon ƙuna. "An ce kin sa ni a nan."

"Labari ne kawai, Baba. Ƙirƙira ce."

"Mai walda ne?"

"E."

"Yana da ƙane?"

Ta dubi ƙofar harabar. Tebur yana gabanta, katanga tana bayanta, shi kuma ya tare hanyar da ta rage.

"Wutar walda ta cinye idon," ya ce. "Rubutu sai dai in ga baƙi-baƙi. Karanta mini ƙarshensa."

Ta ɗauki littafin. Zuciyarta ta ce ta ƙirƙiro wani ƙarshen nan take, a ce an sako mutumin, an yafe masa, ya tsufa cikin jikoki. Amma garin cike yake da masu ido, gobe wani zai karanta masa na gaskiyan, ya san ta yi masa ƙarya a fuska. Ta buɗe shafin ƙarshe ta karanta yadda yake: mai waldan ya mutu a kurkuku da safe, a kan tabarma, ma'aikata suka aika gida, ba wanda ya zo karɓar gawa.

Tana karantawa tana satar kallon aljihun. Akwai wani abu da ke motsi a ciki.

"Ba wanda ya zo," ya maimaita. "Ko uwarsa?"

"A littafin ta riga shi rasuwa."

"Tana nan da ranta." Ya juyar da fuska gefe. "Na je. Ta ji muryata ta sa aka rufe ƙofa."

Can bayan ginin wani ya yi shewa, ana ta dariya, kamar a wata duniya dabam.

"Shi yaron fa, ƙanen," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kin sa shi yana magana?"

"Yana yi."

"Karanta."

Ta juya shafuka, yatsunta suna manne wa takarda. Ta sami wurin da ƙanen ya shigo shago da safe yana fito, ya ɗauki gilashin walda ya ɗora a ido, ya ce wa wansa, "Yaya, da wannan ai ko kai ka yi kyau." Haka ta sha jin yana faɗa tana yarinya, haka ta rubuta.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Mai Walda, ba ta iya rabe ko dariya ce ko tari ba. Ya zaro hannun daga aljihu. Malama ta ja baya har ta bugi katanga. Hannun ba komai a cikinsa, rawa kawai yake yi, rawar da ba ta tsayawa. Ya dafa teburin da shi, littattafan suka shiga kaɗawa.

"Sake," ya ce.

Ta sake karantawa. Ya ce ta sake, ta sake.

Aka tayar da janareta. Jama'a suka fara dawowa suna goge baki, duk wanda ya hango su sai ya rage tafiya. Mai Walda ya miƙe sosai, ya ɗauki littafi ɗaya ya cusa a hammata. Ba ta nemi kuɗinsa ba.

"Yana da yawa, maganar tasa?"

"Da ɗan dama, Baba."

"To. Nan akwai hayaniya. Zan riƙa zuwa ki karanta mini kaɗan-kaɗan, har wurin da aka yi abin. Ina so in ji yadda kika gani." Ya ɗan karkata kai. "An nuna mini gidanku. Mai koriyar ƙofa, ko? Na ga yaranki suna wasa a waje."

Ya juya ya tafi yana jan ƙafa, mutane suna darewa suna ba shi hanya.

A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da mijinta, wanda ya shigo rungume da kwali, ƙanwarta tana biye da shi. Mijin ya kauce da ladabi, bai ma kalli fuskar tsohon ba. Ya dire kwalin a gabanta yana haki, ya dubi teburin ya washe baki.

"Kai, har an fara ɗauka! Wa ya buɗe mana kasuwa?"

Malama ta zauna a kan kujera.

"Je ka ɗauko yara," ta ce. "Ka kawo mini su nan."