Alhamis Ɗin Mista Garbutt

"Ba faɗuwa na yi ba, zama na yi," in ji Mista Garbutt.

Glenys Tordoff ta tsaya a kansa da ledar shara a hannu. Tsohon yana zaune daɓas a matakalar ƙofar gidansa, ƙafa ɗaya a miƙe, hularsa ta gangara bakin titi, iskar tekun Redcar sai tura ta gaba take yi.

"To, sannu da zama. A kan jiƙaƙƙen siminti, da sassafe."

"Bas zan bi."

"Bas ta wuce, a kan idona."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, ta ga fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun sauya launi. Ta ajiye ledar, ta bi hular ta tsinto, ta kama shi ta hammata ta ɗaga. Bai fi nauyin kwandon wanki ba.

Maganar gaskiya, Glenys ta daɗe tana cin mutumin nan da ido ta bayan labule. Ta ƙare ƙuruciyarta a tuƙin bas, aikin da yake koya wa mutum kallon jama'a, da ta yi ritaya kuma kallon bai yi ritaya ba. Sauran ranakun mako Lionel Garbutt dattijo ne tsaf-tsaf, takalmi na sheƙi, gaisuwa a taƙaice. Amma duk Alhamis sai ya fito cikin wata tsohuwar kwat ruwan ƙasa da ta yi masa yawa, da wannan hula da ta sha jiki, har tafiyarsa ta canza, yana ɗan tale ƙafa kamar agwagwa. Da yamma ya dawo, ya rufe ƙofa.

Kuma ta san kwat ɗin. Wa bai san ta ba a zamaninsu? Tana yarinya, duk gidansu a gaban talabijin suke cin abincin yamma ranar da ake nuna wasan barkwancin nan, Ina Ka Tsaya, Horace? Miji ne da bai taɓa dawowa gida a kan lokaci ba, kowane mako da sabuwar ƙaryarsa, matar kuma tana jiransa da ludayin katako. Mahaifin Glenys har ƙwarewa yake yi da shayi don dariya. Daga baya wasan ya ƙare. Aka riƙa ganin Horace jifa-jifa, yau ya fito a likita na minti biyu a wani wasa, gobe tallan maganin ciwon gwiwa, sai kuma shiru. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi faɗa da shi. Kira ne kawai aka daina yi.

Da ya tare a gidan da ke jikin nata, ta taɓa tambayarsa ta kan shinge ko shi ne Horace. Ya ce, "Ana yawan cewa ina kama da shi," ya shige ciki. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, har yau bai gama sakinta ba.

"Ina za ka?" ta tambaye shi yanzu, tana riƙe da hannunsa.

"Saltburn. Ana jirana."

"Asibiti ya kamace ka."

"Sun gama da ni, Misis Tordoff. Sun ce zuciyar ce, sun ba ni ƙwayoyi, sun yi min murmushi."

Ta ce, "Ga motata can. Zan kai ka, amma ba a banza ba. Sai ka faɗa min abin da ke kai ka, don na gaji da canka."

"Dama na san labulen nan ba iska ke motsa shi ba."

Sai da suka bar gari suka hau hanyar bakin teku ya fara magana, idonsa a kan ruwa. Wadda ta fito a matar Horace, Sheila Winskill, tana nan da rai, a wani gidan kula da tsofaffi. Shekarun baya ta samu shanyewar ɓarin jiki. Da ya ji labari sai ya sayi furanni ya je gaishe ta, cikin kayansa na mutunci. Ta dube shi daga kan gado, ta ce, "Ina ka tsaya, Horace?" Nas ta ja shi gefe ta ce kanta ya rikice, ko 'yar ƙanwarta ba ta gane ba.

"Duk duniya mutum ɗaya ya rage mata," in ji shi, "shi ɗin ma ba mutum ba ne. To, me za ki yi in ke ce? Na koma gida na tono kwat a ƙasan akwati."

"Da can kuna shiri?"

"Ni da Sheila? Ko gaisuwar kirki ba ma yi. Cewa take ina tare mata haske a gaban kyamara, ni kuma na ce tana cinye ƙarshen maganata. Duka biyun gaskiya ne."

"To ƙaryar fa, wa yake rubuta maka yanzu?"

"Marubutan duk sun mutu. Ni nake haɗa abata, tun daga Juma'a nake farawa."

A bakin gidan tsofaffin Glenys ta ga abin da ba za ta manta ba. Mutumin da ta ɗago daga ƙasa ɗazu ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya ja numfashi, ya karkata hula, ya tale ƙafa. Ma'aikata biyu sun bar abin da suke yi, tsofaffi sun turo kekunansu sun cika baranda. Ashe kowa ya san lokacin.

A ciki wata 'yar tsohuwa ce zaune a kujera kusa da taga, ɗankwali a kai, ludayin katako a hannun da yake aiki.

"Ina ka tsaya, Horace?"

"Uwargida, ki bari kawai. Tsuntsun teku ne."

"Tsuntsu."

"Na tsaya sayen kifi da soyayyen dankali, saboda ke fa. Na buɗe baki zan yi hamma, sai ya sauko ya fizge min haƙoran roba. Na bi shi har ƙarshen gada."

"To da haƙoran wa kake zuba min ƙaryar nan?"

Ya waiwayo a hankali, ya nuna Glenys. "Na wannan baiwar Allah ne. Aro ta ba ni, ita ce ma take jira."

Baranda ta kaure da dariya. Glenys ta tsinci kanta tana rufe baki da hannu kamar da gaske ba haƙoran, aka sake kwashewa. Tsohuwar ba ta ko murmusa ba. Ta ƙare wa Glenys kallo sama da ƙasa, ta ce, "Ki tafasa su kafin ki mayar."

A hanyar dawowa bai iya ɗaura bel da kansa ba. Ya jingina kai, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi.

"Misis Tordoff, zan roƙe ki abu."

"Ka fara kirana Glenys tukuna, tunda ka ari haƙorana."

"Glenys. In na tafi, kada a bar ta a kujerar nan tana kallon ƙofa. Kuma kada a ce mata Horace ya mutu, ba za ta ɗauka ba. Ki je ki ba ta uzuri. Wanda zai daɗe."

"Ni ban iya ƙarya ba."

"Kowa ya iya, gwaji ne ba a yi. Ki dubi idonta, kada ki yi sauri, kada ki yi dariya."

Ta so ta ƙi. Amma ta dube shi, ta ce to.

Bai kai wata Alhamis ba. Ranar Litinin da hantsi ta ga kwalbar madarar da ake kawo masa kowace safiya a ƙofarsa ba a ɗauka ba, ta shiga da makullin da ya ba ta. Yana kan kujerarsa ta falo, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, shayi ya huce a gefe, tabarau a cinya. Ta kira sunansa sau ɗaya, ba ta sake ba. Ta kashe rediyon, ta kira motar asibiti, ta zauna kusa da shi har suka zo. Ta yi kuka, kuma ta yi mamakin yawansa.

Unguwa ba ta girgiza ba. Pritam mai shagon jarida ya ce, "Horace? Ashe yana da rai? Ai na ɗauka tun tuni ya rasu." Da ta ce masa mutumin da ke sayen biskit mai citta a wurinsa ne, sai ya riƙe baki. Jarida ta sa ɗan hotonsa na ƙuruciya a can ƙasa, kusa da sakamakon tseren dawaki.

Ita dai Glenys abu ɗaya ne ya hana ta sakat, wato me za ta ce wa Sheila. Ta ƙulla wannan ta kwance, ta ƙulla wancan. Ta gwada a gaban madubin banɗaki, ta ji kanta kamar mai karanta sanarwar tashar mota. Ta kira gidan tsofaffin ta gaya musu, suka ce su ma sun rasa ta inda za su fara, gara ta zo.

Ranar Alhamis baranda babu kowa. Wata ma'aikaciya ta raka ta ciki. Sheila na nan a kujerarta, ta dubi Glenys, ta dubi bayanta.

Glenys ta ce, "Misis... saƙo ne daga Horace. Ya ce a gaya miki, wai ya shiga wani jirgin masunta don ya fake wa ruwan sama, barci ya ɗauke shi. Da ya farka sai ga shi a Norway. To, kuma jirgin ba zai dawo ba sai... sai kifi ya ƙare."

Ta yi sauri, ta sani. Idon ma ta kasa duba.

Tsohuwar ta juya wajen ma'aikaciyar. "'Yata, ja mana ƙofar nan in kin fita."

Muryar ce ta fara ba Glenys tsoro. Ba ta matar Horace ba ce mai kaifi. Wata murya ce daban, a natse, kowace kalma a wurinta.

"Yaushe?"

"Na'am?"

"Lionel. Yaushe ya rasu?"

Glenys ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba. "Litinin. A kujerarsa. Bai wahala ba."

Sheila ta gyaɗa kai. "Na ga alama wancan makon. Numfashinsa bai kai ƙarshen magana ba. Wannan ta Norway ke kika haɗa?"

"Ni ce."

"Sai kifi ya ƙare. Wannan ya yi kyau. Sauran kam sai a hankali."

"Amma ai cewa ya yi ba ki... an ce kanki..."

"Ya rikice, ƙwarai. Wata biyu ko uku ban san hannuna daga ƙafata ba. Sannan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wata Alhamis na ɗaga ido na ga Lionel Garbutt, tsoho tukuf, cikin kwat ɗin nan, yana ba ni labarin akuya a cikin motar gawa. Na buɗe baki zan ce, Lionel, zauna ka huta, na warke. Sai baranda ta yi dariya, na ga fuskarsa. Kin san rabon da wani ya kira shi aiki? Mutumin nan duk mako yana da abin da zai tashi dominsa. In na warke, ina za shi?"

"Su ma'aikatan fa?"

"Su ai ba su tambaya ba. An rubuta na rikice, shi ke nan. Sauran ranaku shiru nake yi, ba wuya. Mu da muka yi shekaru muna tsayawa a bayan fage ana jiran a kira mu."

Tambayoyi ne cike da bakin Glenys, na shekara da shekaru, amma ba ko ɗaya da ta dace da ɗakin.

Sheila ce ta yi tata tambayar. "Gaya min gaskiya. Bai taɓa zargi ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko kaɗan. Har ya tafi yana tausayinki."

"To, na iya aikina ke nan." Ta ɗan ɗaga haɓa. "Na so in tambaye shi abubuwa, kin sani. Wa ya rage a cikinmu, yaya gwiwarsa, ko yana cin abinci. Matar Horace ba ta tambayar irin wannan."

Ta nuna durowar gefen gado. Glenys ta buɗe, ta miƙo mata abin da ta nuna, kwalbar man goge fuska da auduga da ɗan madubi. Hannu ɗaya ba zai iya duka ba, don haka Glenys ta durƙusa ta riƙe mata madubin.

Sheila ta lakato man, ta fara daga goshi. Hoda ta tafi, girar da aka zana ta tafi, jan kunci ya koma jikin auduga. Ta yi ɓari ɗaya na fuskar ta tsaya, tana kallon madubin.

"Lionel," in ji ta a hankali, kamar mai gwada ko bakin zai iya. Sannan ta ɗauki sabuwar auduga.