Hannun Rigar Likita

Mu uku muka raka Baba asibiti kamar masu kai ƙara: ni, da Yaya, da autanmu. Na riƙo takardu goma sha biyu da na bugo daga intanet a kan wankin ƙoda, har na ja musu layi da jan biro. Digirina biyu, babu wanda ya shafi ƙoda, amma wannan bai taɓa hana ni magana ba.

Baba tela ne, shekararsa tamanin da uku. Ƙodojinsa sun kusa ajiye aiki, zuciyarsa ma alfarma take yi masa. Tun a mota muka yanke cewa za a fara wanki. Shi yana kujerar gaba yana kallon titi.

Likitar 'yar siririya ce, farar rigarta ta yi mata yawa, hannun ya rufe rabin tafinta. Ta tambayi Baba barcinsa, Yaya ta amsa. Ta tambayi cin abincinsa, na amsa. Sai ta jawo kujerarta ta ajiye a gabansa, ta ba mu ƙeya.

"Baba, ranar Talata me kake yi?"

"Ai likita, yanzu ba ya..."

"Yaya, Baba nake tambaya."

Na duba agogo, daƙiƙa arba'in cif ta jira. Ban san ana koyar da irin wannan a jami'a ba. A tamu dai ba a yi.

"Shago nake zuwa," in ji Baba. "Ƙafa ta ƙi taka keke, amma ni nake yanka. Duk layin nan babu mai fitar da wuyan riga kamar ni."

"To ga hanya biyu," ta ce. "In wanki ne, sau uku a mako, awa huɗu a jikin inji, ka koma gida a galabaice, wani lokacin har washegari. Mutane da yawa yana ƙara musu shekaru. Mai shekarunka da irin zuciyarka, ba ni da tabbacin zai ƙara masa da yawa. Ɗaya hanyar, babu wanki. Mu riƙa maganin kumburi da ƙaiƙayi da tashin zuciya da ƙarancin jini, a rage gishiri, ina ganinka duk wata."

"Wato mu koma gida mu zuba wa sarautar Allah ido," in ji Auta.

"Ba sallamarsa nake yi ba. Aikina ma ƙaruwa zai yi."

Baba ya gyara hula. "'Yata, yadin nawa ya rage?"

"Ba ni da tef ɗin auna wannan, Baba. Watanni ne, wataƙila shekara ko fiye kaɗan. Ba zan ce maka goma ba."

Na buɗe shafi na bakwai, inda hujjata mafi ƙarfi take. Baba ya ɗora hannu a kan takardar.

"Malam mai digiri, rufe. In yadi ya yi kaɗan, ba a yi masa aljihu uku."

Yaya ta fashe da kuka. Likitar ta miƙa mata hankici, ta jira ta nutsu, sannan ta ce wa Baba ba lallai ya yanke yau ba, kuma ko ya yanke yana iya canzawa.

"Tun a mota na gama tunani," ya ce. "Ba wanda ya tambaye ni ne."

Da muka miƙe, sai ya zaro tef daga aljihu ya kama hannun rigarta.

"Wa ya ɗinka miki wannan? Allah ya yafe masa. Inci biyu da rabi. Ki kawo min ita Talata."

Na ɗauka dariya za ta yi, a wuce wurin. Ranar Talata ni na kai Baba shago, na tarar da ita a kan benci, rigar a ninke a cinyarta, tana jiran layi bayan wani da ya kawo gyaran wando. Baba ya nemi takardar da zai fitar da samfurin hannun, aka rasa. Ya dube ni, ya dubi takarduna na intanet da har yanzu nake yawo da su.

Shafi na bakwai ya yi daidai.