Yadin da Aka Yanka wa Rukayya

A shekarar da soja suka koma bariki, Rukayya ta dawo Dala hutu daga kwaleji a Kaduna da sabuwar magana a baka: window shopping. Ta yi wa Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinta, bayani: a zaga shaguna a ba ido abinci ta tagar gilashi, a dawo gida ba a sayi komai ba.

"To mu je Kurmi ki nuna min," in ji Gwaggo. "Sai dai can babu taga."

Mutane na cewa kallo kyauta ne. Wataƙila a inda gilashi ya raba mutum da kaya. A Kurmi kuwa mai rumfa ya san kakanka.

Suka tsaya wajen Alhaji Nata'ala mai yadi, wanda tun auren Gwaggo yake ajiye mata mai kyau. Ya shimfiɗa musu darduma. Gwaggo ta tambayi iyalinsa, ta shagala da duba atamfofi, Rukayya ta janyo wata shadda ruwan toka ta ɗora a kafaɗa. Ya faɗi kuɗi. Don wasa ta taya.

"Albarka, 'yata."

Ta ƙara, tana dariya.

"Don darajar Hajiya, na sallama." Kafin Gwaggo ta waiwayo, almakashi ya fara ratsa shaddar.

"Baba, tsaya! Ni fa ba saye na zo yi ba. Window shopping muke yi."

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Maƙwabcin rumfa ya leƙo.

"Me ake kira haka?" in ji Alhaji Nata'ala.

"Kallo kawai," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Mai kallo yana tayi har sau biyu?" Gwaggo ta tambaye ta. "Ko Turawan da suka koya miki, hannu suke zurawa ta gilashin?" Ta juya. "Alhaji, ƙarasa yankan, ni zan ɗauka."

"A'a, Hajiya. Ba ke kika taya ba."

Ya naɗe shaddar da tsagarta, ya tura ƙarƙashin kantar rumfarsa. Ya ce su gaida gida, idonsa na kan wata mai shigowa.

Gwaggo ta ɗauki takalmanta. Ta yi gaba har suka wuce 'yan turare, Rukayya na biye da ita, ta ja mayafi har goshi.

"Gwaggo, gobe in koma in ba shi haƙuri?"

"Ki koma. Da Hausa."