Kilo Biyar

Kulu ta tarar da mijinta a ɗakin tukunyar tururi na masaƙa, yana zaune a kan kifaffen bokiti, an naɗe shi da buhunan algarara tun daga wuya har gwiwa. Zafin ɗakin ya mare ta a fuska. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ga gwangwanin madara a gefe yana tofa yawu a ciki.

"Baban Fanna, ga abinci," in ji ta.

Uwaisu ya dubi kwanon, ya kau da kai. Leɓɓansa duk sun tsage.

"Uwargida, don Allah fita da shi, ƙamshin ma sai ya ƙara masa nauyi," in ji Markus, kocin 'yan damben masaƙar, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Tsohon ɗan dambe ne daga Kafancan, hancinsa a baje.

Shekara shida Uwaisu yana aikin rini a wannan masaƙa ta Bompai a matsayin leburan wucin gadi, shekara huɗu kuma yana yi mata damben boko. Nauyinsa kilo sittin da shida. Ya yi wasa goma sha ɗaya a ajinsa, ya ci tara, amma mai riƙe da kambun ajin ya fi ƙarfinsa. Kambun ajin ƙasa, na 'yan kilo sittin da ɗaya, shi ne ba ya hannun kowa. Sai Alhaji Uba, manajan ma'aikata, ya sa sunan Uwaisu a can ba tare da ya tambaye shi ba, ya ce in ya kawo kambu za a ba shi takardar aikin dindindin. Kwana tara aka ba shi ya zubar da kilo biyar, ga bazara ta kai tsakiya.

* * *

A rana ta bakwai ya dawo gida Dakata yana tura kekensa, don ba ya iya hawa. Kulu ta miƙa masa moɗa. Ya kurɓa, ya kuskure baki, ya tofar a gindin katanga.

"Haɗiye mana, ko maƙwarwa ɗaya."

"Saura kilo ɗaya da rabi, Kulu."

"Babana ya yi dambe shekara ashirin, daga Kura har Maraɗi. Ba wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli kamar buhun gyaɗa. In ka ga ƙato ya fi ka, sai ka ce ba ka yi, a yi dariya a watse."

"Babanki yana da rumfar fawa da zai koma. Ni in na ce ba na yi, gobe maigadi zai ce bai san fuskata ba." Ya jingina da bango, ya lumshe ido. "Kwana biyu ne. In an gama ki dafa min tuwon shinkafa, miyar taushe, har da ƙashi. Ki cika randa, ni kaɗai zan shanye ta."

Ta yi murmushi don ya gani. Amma da safe ta ga fitsarinsa a bayi, ja kamar ruwan jiƙo, ta kuma san cewa cikin kwanakin nan sau biyu yana mance raka'ar da yake.

Shi ma Markus bai yi shiru ba. Washegari ya shiga ofis, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, jikin da ba ruwa ba ya ɗaukar naushi a ka. Na ga irin wannan a Legas. A ɗaga wasan ko da wata guda ne."

Alhaji Uba ya nuna masa tarin takardun talla a kan tebur, hoton Uwaisu a sama, sunan atamfar kamfani a ƙasa.

"An riga an buga, Koci. Yaron ma bai yi kuka ba, kai ne uwarsa?"

Markus ya tuna da nasa 'ya'yan da yake ciyarwa da wannan aikin, ya fita.

* * *

Ranar Asabar da hantsi aka yi awo. Uwaisu ya hau sikeli daga shi sai gajeren wando, haƙarƙarinsa a waje. Allura ta tsaya a kan sittin da ɗaya daidai. Aka tafa. Ƙarfe huɗu na yammacin ranar ya shiga fage.

Kulu ba ta je ba. Tana tsakar gida tana tuƙa tuwo lokacin da Laraba, maƙwabciyarta, ta fito da rediyo ta ajiye a kan turmi. Mai labarin wasanni ya bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya. A ajin manya, ɗan Jos ya kayar da abokin karonsa a turmi na uku. A ajin matsakaita an tashi kunnen doki, kambu ya zauna inda yake. A ajin 'yan kilo sittin da ɗaya kuwa, Uwaisu Gwadabe na Kano ya yi nasara da maki bayan turmi goma sha biyu.

Laraba ta rangaɗa guɗa. Matan gidan suka rungume Kulu, muciya na hannunta. Ta rufe tuwon, ta ɗebo ruwa ta cika randa har baki.

Mai labarin bai faɗi abin da ya biyo baya ba. Uwaisu ya sauko daga fage da kambu a kafaɗa, ya ce wa Markus kansa na sarawa, ya zauna a kwance masa safar hannu. Bai tashi ba. Da magariba Markus ya yi sallama a ƙofar gidan, da Kulu ta ga yadda ya riƙe hularsa, sai ta ɗauki mayafi.

* * *

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti kafin ya buɗe ido. Ya dawo gida yana jan ƙafar hagu, maganarsa a hankali, kamar mai ƙirga kalmomi.

Kulu ta je masaƙa neman takardar. Alhaji Uba ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata lemo. Ya ce dokar kamfani ce, ba a ba da aikin dindindin sai likita ya sa hannu cewa mutum lafiyarsa ƙalau. Allah ya ba shi sauƙi. A hanyar fita ta ga kambun a cikin akwatin gilashi, an goge shi yana ƙyalli, ƙarƙashin hoton shugaban kamfani.

Damina biyu ke nan da yin haka. Kulu tana sayar da ƙosai a bakin titin masaƙar. Kullum kafin ta fita takan zaunar da shi a inuwa, ta miƙa masa moɗa.

Yakan kurɓa, ya riƙe ruwan a baki, ya dube ta. Sannan ya juya ya tofar a gindin katanga.

"An auna ni?"

"An auna ka, Baban Fanna. Ka yi daidai. Sha."

"To, bari Koci ya zo tukuna," in ji shi, ya ajiye moɗar a hankali kusa da ƙafarsa.